Wadda ta zo ta bakwai: me ake yi bayan an faɗi gasa?

(Ga rubutun jawabin da ɗaya daga cikin yayyenmu ya yi wa matasa a zamanmu na ƙarshen mako a Maraɗi. Mun sa shi nan saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.)

Na san wasu sun rufe shago, wasu sun ajiye kabu-kabu don su zo, saboda haka ba zan riƙe ku da dogon gaishe-gaishe ba.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Ina da wani ƙane, ɗan kawuna ne, yana da murya, duk unguwa an sani. Bara ya shiga wata gasar waƙa da aka shirya wa matasa a nan cikin gari. Ya yi wata biyu yana shiri. Ranar da ya hau dandali, ya ga taro, sai baiti na biyu ya ɓace masa. Ya tsaya, ya sake ɗauka, murya ta sarƙe. Aka yi dariya, alƙalai suka ce ya sauka. Wani ya ɗauke shi da waya, kafin gari ya waye hoton ya zagaye gurup-gurup na WhatsApp. Mako uku yaron nan bai leƙo fada ba, ko shayi sai dai a kai masa ɗaki.

A cikin makonnin nan mutum biyu suka zo wurinsa. Na farko abokinsa ne mai harkar TikTok, ya ce masa: “Kai, ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Yanzu kowa ya san fuskarka. Mu riƙa ɗaukarka kana ɓata waƙa da gangan, cikin wata guda ka tara mabiya.” Na biyu wani dattijo ne mai kiɗan biki, ya ce: “Ɗana, na ji ka kafin ka rikice. Akwai abu a maƙogwaronka. In kana so, ka zo wurina da yamma mu riƙa yi.” Yaron ya same ni ya ce: “Yaya, wanne zan bi?”

Tambayar nan ce ta kawo ni gabanku yau, don mutanen nan biyu duk ba ƙarya suka yi masa ba. Wanda ya faɗi gasa yana iya yin suna ta hanyoyin nan biyu. An ga haka, kuma abin mamaki, an gan shi a gasa ɗaya, a shekara ɗaya.

A Amurka akwai wani shirin telebijin da ake ce wa American Idol, an fara shi a 2002. Dubban matasa suna zuwa gwaji, alƙalai su tace, sannan kowane mako masu kallo su yi zaɓe ta waya, wanda ya samu ƙuri'a mafi kaɗan ya tafi gida. A zagayen 2004 akwai wata yarinya daga birnin Shikago, Jennifer Hudson. Tun tana ƙarama take waƙa a coci, kuma kafin gasar ta yi aikin waƙa a cikin jirgin ruwan ƴan yawon buɗe ido na kamfanin Disney, inda ake hawa dandali kusan kullum. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A wani mako, mata uku da aka fi yaba wa murya a gasar, dukkansu baƙar fata, su ne suka samu ƙuri'u mafi kaɗan, aka fitar da Jennifer. Ta zo ta bakwai. Abin ya tayar da ƙura, har babban mawaƙin Ingila, Elton John, ya fito ya ce yana ganin wariyar launin fata a ciki. Wadda ta ci gasar a ƙarshe ita ce Fantasia Barrino, kuma ita ma gwana ce, ba mai musu.

Jennifer ta koma gida. Sama da shekara guda ba wani babban kamfanin waƙa da ya ɗauke ta, tana dai ta yin wasanni inda aka kira ta. Can aka tashi neman wadda za ta fito a wani fim na waƙe-waƙe mai suna Dreamgirls. Mata ɗaruruwa suka nema, har da Fantasia wadda ta kayar da ita. Aka ɗauki Jennifer. Fim ya fito a ƙarshen 2006, a farkon 2007 ta karɓi Oscar, lambar yabo mafi girma a harkar fim ta Amurka, kuma a fim ɗinta na farko. A 2009 ta samu Grammy. A 2022 ta shiga cikin ƴan tsirarun mutanen da suka haɗa manyan lambobi huɗu na Amurka, na telebijin da waƙa da fim da wasan dandali. Har kujerar alƙalan gasar The Voice ta zauna, tana zaɓen wasu. Wadda ta zo ta bakwai ke nan.

A wannan zagayen dai na 2004 akwai wani saurayi, William Hung, haifaffen Hong Kong, ɗalibin injiniya a jami'ar Berkeley. Shi ko matakin farko bai wuce ba. Ya rera wata waƙar Ricky Martin yana taka rawa, alƙalai suna ƙunshe dariya, ɗayansu, Simon Cowell, ya gaya masa a fuska cewa bai iya waƙa ba, bai iya rawa ba. Yaron bai yi fushi ba, ya amsa da ladabi cewa ya yi iyakar ƙoƙarinsa kuma ba ya nadama. Da aka nuna a telebijin sai ya yi tashe fiye da yawancin waɗanda suka wuce. Aka yi ta gayyatarsa shirye-shirye, wani kamfani ya buga masa kundin waƙoƙi, aka sayar da kusan dubu 200. Amma me mutane suke saye? Dariya suke saye. Har wasu ƴan asalin Asiya a Amurka suka koka, suka ce da kamanninsa da lafazinsa ake yi wa al'ummarsu ba'a. Bayan ƴan shekaru tashen ya kwanta, a 2011 ya kama aikin ofis a hukumar ƴan sandan yankin Los Angeles. Ban raina shi ba, wallahi. Ya nuna halin girma ranar da aka wulaƙanta shi, kuma ya nemi na kansa. Sai dai abin da ya ɗaukaka shi ba abu ne da ake ginawa a kai ba, don wanda ya yi maka dariya yau, gobe sabon abin dariya yake nema.

To kun ga dattijon mai kiɗa da abokin mai TikTok. Ga inda hanyar kowannensu take kaiwa.

Yanzu tambaya: ta yaya mutum zai faɗi gasa sannan ya wuce wanda ya ci? Sai mun fahimci mene ne gasar tukuna. Mu nan mun saba da kokawa. A filin takobi doka a fili take, wanda ya kai ƙasa ya faɗi, dubban idanu sun gani. Gasar telebijin ba haka take ba. Shiri ne na kasuwanci, da kuɗin talla da kuɗin saƙonnin zaɓe yake rayuwa. Abin da ƙuri'a take aunawa shi ne wa ya burge masu kallo a daren nan, wa yake da ƴan gari masu kiredi a waya, wa labarinsa ya fi taɓa zuciya. In gwanaye uku masu salo iri ɗaya suka haɗu, sai su raba ƙuri'un masoya salon, wani ya wuce ta gefe. Saboda haka sakamakon gasa labarin dare ɗaya yake bayarwa, sana'a kuwa shekaru ake auna ta da su.

Abu na biyu, babbar kyautar da gasa take bayarwa, kowa da ya hau dandalin yana samunta, wato a gan ka. Masu kamfanoni, masu shirya fim, masu haɗa kiɗa, duk suna kallo, kuma su ba ruwansu da lissafin ƙuri'a, wanda za su iya aiki da shi suke nema. A Ingila, a gasar X Factor ta 2010, samari biyar sun shiga kowa shi kaɗai, duk aka ce ba su isa su wuce su kaɗai ba. Sai aka haɗa su ƙungiya guda, aka sa mata One Direction. A ƙarshe ma na uku suka zo, Matt Cardle ne ya ci. Amma Simon Cowell ya ga yadda ƴan mata suke cika ƙofar sitidiyo da yadda ake maganarsu a Twitter, ya ɗauke su a kamfaninsa. Cikin shekara huɗu suna cika filayen ƙwallo a nahiyoyi daban-daban. Ɗayansu, Liam Payne, ya taɓa zuwa gasar a 2008 aka mayar da shi gida, ya sake dawowa.

Masu kallon tashoshin Faransa sun san Amel Bent. A 2004 aka fitar da ita daga gasar Nouvelle Star dab da zagayen ƙarshe. Kafin shekara ta zagayo waƙarta Ma philosophie ta hau kan gaba a Faransa, daga baya ita ma ta zama alƙaliya a The Voice. Haka Louane: an fitar da ita daga The Voice a 2013, amma wani mai shirya fim ya gan ta a shirin, ya sa ta a La Famille Bélier, ta samu lambar César a 2015.

Abu na uku, jama'a suna tsayawa wanda suke ganin an zalunta. Wanda ya ci, an riga an ba shi ladansa, masu kallo sun huta. Wanda aka fitar alhali ana son sa, masoyansa suna jin kamar akwai bashin da ba a biya ba, sai su bi shi, su sayi waƙarsa, su yi ta yaɗa shi. Amma tausayin nan yana da wa'adi. Badi za a sake gasa, sabbin fuskoki su zo, a manta da kai. Wanda ya fita ya kwanta yana zagin alƙalai a Facebook, kafin ya farka kasuwa ta watse.

Nan ne maganar jirgin ruwan Jennifer take dawowa. Ranar da aka kira ta gwajin fim, ba a ba ta lokacin koyon waƙa ba, da abinta ta je. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dubi maƙwabtanmu Najeriya: Omawumi ta biyu ta zo a Idols West Africa a 2007, yau ba mai lissafa manyan mawaƙa mata na ƙasar ya tsallake ta. Niniola ta huɗu ta zo a Project Fame a 2013. Ba ta zauna jiran a neme ta ba, ita ta nemi Sarz, ɗaya daga cikin gwanayen haɗa kiɗa na Legas, ta fitar da waƙarta ta farko a 2014, a 2017 waƙarta Maradona ta tsallaka har Afirka ta Kudu. Johnny Drille ma a zagayen 2013 ɗin ya shiga, bai ci ba, ya koma ɗakinsa yana haɗa waƙoƙinsa da kansa yana sawa a intanet, har kamfanin Mavin ya ɗauke shi a 2017. Shekara huɗu fa. A cikinku wa zai iya shekara huɗu yana aiki ba a tafa masa ba?

Kuma kada ku ɗauka ƙofar alƙalai ita kaɗai ce ƙofa. Ɗan ƙasarmu Mdou Moctar, daga jihar Tawa, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008. Ba telebijin ce ta yaɗa shi ba, daga waya zuwa waya waƙoƙinsa suka yi tafiya, ta Bluetooth da katin memori, har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke mai tattara kiɗan Sahel. Yau yana wasa a Turai da Amurka. Abu in yana da kyau, yana da ƙafafun kansa.

Sai dai zan ci amanarku in na tsaya a nan. Sunayen da na lissafa mun san su ne saboda sun yi nasara. A bayan kowace Jennifer akwai dubbai da suka faɗi, suka yi ƙoƙari, kuma ba wanda ya sake jin labarinsu. Akwai rabo a ciki, akwai dace da lokaci. Kuma su can suna da kamfanoni, da dakunan wasa, da mutanen da ke sayen waƙa da kuɗinsu. Mu nan mawaƙi sau da yawa da biki da suna da taron siyasa yake ci. Saboda haka duk wanda ya ce maka ka bar lakwal ko ka sayar da kan ɗinkinka don ka faɗi gasa ka zama tauraro, ba masoyinka ba ne. Riƙe sana'arka da hannu ɗaya, ka yi waƙarka da ɗayan.

Sunan ma yana da tsadarsa. Susan Boyle, wata mata ƴar shekara 47 daga wani ƙaramin gari a Sikotilan, ta hau dandalin Britain's Got Talent a 2009, mutane suna yi wa kamanninta dariya, ta buɗe baki kowa ya yi tsit. Cikin kwanaki duniya ta san ta. A zagayen ƙarshe ta zo ta biyu, wasu ƴan rawa suka ci, washegari aka kwantar da ita a asibiti saboda gajiya da matsin da ta sha. Daga baya kundinta ya hau kan gaba a Ingila da Amurka, amma ku duba abin da makonni bakwai na tashe suka yi wa babbar mace. Liam Payne da na ambata, shi da bakinsa ya ba da labarin kaɗaici da shaye-shaye a ɗakunan otel lokacin da suke kan ganiya, ya rasu a 2024 yana da shekara 31. In haka ta faru inda ake da likitoci da lauyoyi, yaya yaronmu da aka yaɗa hotonsa a gurup ɗin unguwa, wanda gobe zai haɗu da masu dariyar a masallaci da kasuwa? Balle ƴa mace, wadda hoton minti ɗaya yana iya bin ta har ranar da aka zo neman aurenta.

To me nake ba ku shawara, ku da kuke shiga gasar waƙa, ko ta slam, ko ta barkwanci, ko ta ɗinki?

Kafin ka shiga, ka tanadi abin da za ka nuna washegarin faɗuwa. Waƙa biyu ko uku naka na kanka, a naɗe, ko da a ƙaramin sitidiyo ne. Makonnin farko bayan gasa su ne jarinka, lokacin da in aka ji sunanka ana tunawa. Wanda ya leƙa shafinka a lokacin, aiki ya kamata ya tarar.

In an fitar da kai, ka sauka da mutuncinka. Ka gode wa alƙalai, ka taya wanda ya ci murna. Garinmu ƙarami ne, alƙalin yau shi ne mai shirya taron gobe. Kuma ka je ka tambaye su me suka gani. Wani lokaci son kai ne, gaskiya ne, amma wani lokaci muryarka ce ba ta nuna ba, kuma abokanka na fada ba za su gaya maka ba.

Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. In da Faransanci take kuma ba ka gane ba, kai wa wanda ya iya. Ka san shekara nawa aka ɗaure ka, wa ke da waƙar, wa ke da hotonka. Muna da hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, ka je ka yi rajistar aikinka kafin wani ya rera shi a biki ya ce nasa ne.

Mu kuma a matsayinmu na ƙungiya muna da magana da masu shirya gasanni, ko gidan rediyo ne, ko kamfani, ko ɗan siyasa. A rubuta dokokin gasa a ba kowa kafin a fara. A faɗi yadda ake ƙirga ƙuri'a da inda kuɗin saƙonni suke zuwa. Kyautar da aka yi alkawari a bayar da ita a kan lokaci. Yaron da bai kai shekara 18 ba, a nemi yardar iyayensa. Kuma kada a mayar da kuskuren yaro abin talla. Wanda ya zo ya gwada ya ba ku lokacinsa da fuskarsa kyauta, mafi ƙarancin abin da yake bin ku shi ne mutunci.

Saura mu masu kallo. Hoton ƙanena ba aljani ne ya yaɗa shi ba, yatsunmu ne. Wasu da suke zaune a nan sun tura shi, na sani, ban kuma zo kama suna ba. Abin da muka fi turawa shi muke koya wa yaranmu cewa shi ne hanya. In wanda ya ɓata waƙa ya fi wanda ya gyara ta samun kallo, kada mu yi mamaki gobe in yara suka bar koyo suka koma neman abin kunya. Kafin ka tura, ka tambayi kanka: da ƙanwata ce, zan so a tura?

Kuna son ku ji wanda yaron ya zaɓa. Ban zaɓa masa ba, labarin Jennifer da na William na ba shi, kamar yadda na ba ku. Ya yi kwana biyu yana tunani, sannan ya tafi wurin dattijon. Yau wata goma ke nan, da safe yana shagon gyaran waya, da yamma yana koyon numfashi da riƙe baiti. Ya yi amshi a biki shida. Bai zama tauraro ba, ba kuma zan yi muku alkawarin zai zama ba, wannan na Allah ne. Amma satin da ya wuce na gan shi ya tsaya gaban mutum sama da ɗari, baiti ya ɓace masa kamar wancan karon, ya yi murmushi, ya bar kiɗa ya zagayo, ya kama inda ya tsaya. Ba wanda ya lura sai ni da dattijon. Ya ce in an sake buɗe gasar zai shiga.

Wanda yake da tambaya, ko wanda ya taɓa faɗuwa gasa yana son ya ba mu nasa labarin, ga makirfo.